Malama Martha da Ajin Tsofaffin Gawon Nama

Matan da ke zuwa zauren karatun manya na Gawon Nama ba tsarar juna ba ne. Akwai tsofaffin da iyayensu suka ɓoye a rumbu lokacin da ake ɗibar yara zuwa boko. Akwai matasan da talla ta raba da aji. Babu mai iya karanta katin asibiti a cikinsu, ko sunan wanda ya kira ta a waya. Kowace safiya Malama Martha takan iso da tsintsiya da alli, ta share zauren, ta shimfiɗa tabarmi kafin kowa ya zo. Shekara da shekaru ina ganinta daga firamaren da nake koyarwa a tsallaken titi.

Da farko ita ma ta yi kuskure. Ta kira Inna Hajjo gaban allo alhali Murja, matar ɗanta marigayi, tana zaune. Tsohuwa ta juya harafi, wata yarinya ta yi dariya. Washegari babu tsohuwa ko ɗaya a zauren.

Malama ta bi ta har gida.

"Inna, lafiya muka ji shiru?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ni dai ba ni tuntuɓe gaban surukata. Ku da kunka yi boko, ba a koya muku wanga ba?"

"Ba a koya mana ba, Inna. Sai ki koya mini."

Daga nan ta raba ajin: tsofaffi da hantsi, matasa bayan la'asar. Aikinta ya ninku, ba wanda ya ce mata sannu. Ta daina kiran tsohuwa gaban allo. Sai ta zauna kusa da ita a tabarma, ta yi mata gyara da murya ƙasa-ƙasa.

Bana wani jami'i daga ofishin ilimin manya, wanda bai taɓa tuɓe takalmi a ƙofar zauren ba, ya ce aji biyu ɓarnar lokaci ne, a haɗe su. Malama ta yi masa bayani. Ya ce karatu ba ruwansa da kunya. Tsofaffi suka koma ɗakunansu, wasu ana saura kaɗan su iya rubuta sunansu. Da ritayar Malama ta zo, ko ɗan aike ofishin bai turo ba. Zauren yanzu shagon cajin waya ne.

Malama Martha, ke ce kika gane cewa furfura ma tana karatu, in an rufa mata asiri. Uwar haƙuri, mun gode. Allah ya biya ki abin da mutane suka hana ki. Mu kuma malamai, in babba ya zo koyo, mu tambayi abin da yake jin nauyinsa kafin mu miƙa masa alli.

Bayan rufe zauren Malama ba ta bar Inna Hajjo ba, har gida take bin ta da darasi, domin tsohuwar ta roƙe ta abu ɗaya: ta iya rubuta sunan ɗanta na fari da ya rasu. A al'ada uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, Murja ma ba ta faɗin sunan miji, sai wajen maƙwabta Malama ta ji shi. Duk ranar darasi Murja takan ɗauki mayafi ta ce za ta leƙa maƙwabta.

'Yar Murja, Wasila, ɗalibata ce, ita ta ba ni labari. Ta dawo daga makaranta ta tarar da kakarta riƙe da ƙaramin allo, haruffa a karkace. Ta karanta a fili.

"Gazali. Inna, ai sunan Babana ne."

Tsohuwa ba ta goge allon ba.

Wasila ta ce mini a da tana zaton kakarta ta manta sunan babanta ne. Ranar ta gane ba ta taɓa mantawa ba, faɗa ne kawai ba ta iya yi.