Akushin da Aka Yi wa Zane

Jikata Bilki ce ta kawo mini maganar nan a cikin wayarta. Tana karatu a birni, sai aka kai su gidan adana kayan tarihi, inda wani malami yake lacca a kan abincin Kano, na da da na yanzu. Ta naɗo muryarsa. Da ta zo hutu Gaya, ta zauna kusa da ni a kan tabarma ta kunna.

"Goggo, saurari wannan. Duk abin da kike damun mu da labarinsa, ga shi har a birni ana karantarwa."

Na saurara. Mutumin ya san abin da yake faɗa, Allah ya ƙara masa sani. Ya yi maganar gurasa da fataken da suka zo da ita, ya yi ta alkaki da funkaso, ya bi rumfunan masu tuwo na bakin kasuwa. Na ji abubuwan da ban taɓa ji ba, ni da na tsufa a gaban murhu. Sai ya zo kan ciyayya. Ya ce a da can, in magariba ta yi, magidanta sukan fito da abincin gidajensu su haɗa su ci tare, mata kuma su aika wa juna ta cikin gida. A da can, in ji shi. Bilki ta nuna mini hoton wani baƙin akushi a cikin akwatin gilashi, an ƙawata bakinsa da zane.

Hankalina ya riga ya tsallaka katangarmu, ya shiga gidan Yalwa.

Ni da Yalwa tare muka tashi a Toranke, aure ya kawo mu Gaya, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara da shekaru kwanona yana shiga gidanta, nata yana shigowa namu, ko da kwaɗon zogale ne. Ɗanta ya rasu, matarsa ta yi wani auren a nesa, aka bar mata marayu uku. Ga hatsi ya yi tsadar da kowa ya sani. Tun tsakiyar damina kwanon Yalwa ya daina zuwa. Na ci gaba da aikawa da nawa, sai ya fara dawowa a rufe yadda ya tafi, da saƙon wai sun ci, an gode. Amma ni kunnena bai mutu ba. Na daina jin turmi a gidan, kuma hayaƙi ba kullum yake tashi ba.

Wannan hoton akushin shi ya mayar da ni gaban kakata, Iya Kande.

A Toranke, in an gama cin tuwo, ba a barin wutar murhu ta mutu nan da nan. Iya Kande takan tura mata kara ɗaya, ta zube mana gyaɗa a faifai, domin ita ba ta ba da tatsuniya ga hannun da ke zaune. Mu ɓare, ita ta faɗa. Yaran maƙwabta sukan shigo, Yalwa kuwa kullum tana manne da kafaɗata, tana satar gyaɗa tana ɗora mini laifin. Iya doguwa ce, ba ta da yawan dariya, muryarta can ƙasa take. Takan ce, "Ga wata nan tafe, ba ƙafa gare ta ba." Mu ce, "Ta ƙaraso, mun share mata wuri."

Ta ce an yi wani gari, aka yi shekarar yunwa. A garin akwai tsamiya, a gindinta maza suke cin abincin yamma. Akusan garin kuwa masassaƙi ɗaya ya sassaƙa su, duk baƙaƙe, duk girma ɗaya, uwa ma ba ta bambanta nata da na maƙwabciya. In rana ta faɗi, kowane gida ya aiko da nasa a rufe da faifai. Dattijon gari ya sunkuya ya cuɗanya su, na gabas ya koma yamma, na yamma ya koma kudu. Wani akushin tuwo ne da man shanu. Wani tafasa ce zalla da gishiri. Wani kuwa in dattijon ya ɗaga, sai ya ji faifai ne kawai a kan iska. Sai ya juya wa mutane baya, ya gutsuro nan, ya gutsuro can, ya zuba. A buɗe, a ci, kowa ya ɗauki akushin da hannunsa ya kai ya tafi gida.

"Da haka," in ji Iya Kande, "yunwa ta yi ta zagaya garin, ta rasa ƙofar da za ta shiga, don ba ta san gidan wa za ta tambaya ba."

To akwai wani mutum mai rumbuna cike. Iya takan ɗaga yatsa a nan ta ce kada mu ce marowaci ne. Ba ya ƙyashin a ci nasa. Abin da ke cin ransa, ana lashe man shanunsa ana gode wa Allah, ba wanda ya waiwayo ya dube shi. Rannan ya sa wuƙa a wuta, ya yi wa bakin akushinsa zane. Da aka buɗe, kowa ya ga zanen, kowa ya ce, "Madalla da kai, Allah ya ƙara buɗi." Ya koma gida yana jin daɗi. Kashegari na biye da shi a arziki ya yi wa nasa zane. Wanda ke da ɗan abin nunawa duk ya yi. Aka bar akusan da ba zane, kuma yanzu kowa ya san na su wa ne, kowa ya ga abin da ke ciki.

Mai tafasa ya fara cewa ƙafarsa ke ciwo. Mai faifai a kan iska ya ce ya ci a gida. Ɗaya bayan ɗaya suka daina fitowa, suka ja danga suka zauna, yunwa ta san ƙofofi. Sai aka wayi gari ana fitar da su ana kai su makwanci. Mutumin nan ya ci gaba da kawo akushinsa cike, man shanu yana naso, ya zauna gindin tsamiya shi kaɗai. Ya bi gida gida da shi, ana ce masa an ci, an gode. Ya yi ta kira, wa zai ci, wa zai ci, har muryarsa ta sirance, har ya zama tsuntsun nan da ke kuka in rana ta faɗi.

Ina tuna Yalwa ta tsaya da ɓarar gyaɗa ta ce, "Iya, to su ba wawaye ba ne? Ga tuwo an kawo har ƙofa, su ci mana!"

Iya Kande ta dube ta ta daɗe. Ta ce, "Ɓare gyaɗarki, 'yar nan. Allah ya sa ki tsufa ba ki gane ba." Sai ta tura toka a kan garwashi ta ce tatsuniya ta koma inda ta fito, wanda ya riƙe wani abu a ciki nasa ne.

Kwana na yi da wannan a raina bayan Bilki ta kashe wayarta. Kwanon da nake aika wa Yalwa kula ce ja mai fure, irin wadda surukata Hajara ta zo da ita. Duk layinmu an san ta. In yaro ya fita da ita, mata na leƙe, masu babur a bakin hanya na gani. Babu tsamiya a ƙofarmu, babu dattijon da zai juya baya. Kowa ya yi katangar bulo da ƙyauren ƙarfe, maza suna cin nasu a ɗaki gaban talabijin.

Da safe na ce wa Hajara ina marmarin dambun gero da rama, irin na Toranke.

Ta yi dariya. "Inna, dambu? Da waɗanne haƙoran?"

"Da na aro. Ɗebo mini gero."

"Bari in yi miki mana."

"Naki na 'yan birni ne, yana caɓewa. Mutum ɗaya ta rage da ta iya shi."

Ta gane, don yarinya ce mai hankali. Ta cika ƙwarya har tana zuba, ta haɗo rama da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, yana zaune yana ɗaure takalmi, ya sunkuyar da kai kamar bai gani ba. Na ɗauki sandata na tafi da kaina.

Na tarar da Yalwa tana gyara wa ƙaramar jikarta kitso. Ɗankwalinta ya yi mata yawa a kai. Muka gaisa, na sauke ƙwarya, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta dubi geron, ta dube ni. "Ke Dije, yaushe kika manta dambu? Ba ke kika koya mini ba?"

"Hannuna ya daina. Ko taɓarya ba na iya ɗagawa."

"Wannan geron na dambun tsohuwa ɗaya ne, ko suna za ki yi?"

"Na zama mai ci, Yalwa. Tsufa ne."

"Mai ci," ta ce. "Ke da ko a gidan biki loma uku kike yi ki ce kin gode." Sannan ta ce wa babbar jikarta ta ciro turmi.

Ranar na ji surfe ta bayan katanga, na ji bakace, na ji ƙamshin rama a madambaci. Na ce alhamdu lillahi, ta karɓa. Amma bayan azahar sai ga yarinyar da ƙwaryata a ka, dambu cike har baki, ko cokali ba a taɓa ba.

"Goggo, ta ce ga shi. Ta ce dusar ta riƙe, ladan surfe."

Haka al'ada take, mai surfe ita ke da dusa. Sai dai dusa ta akuya ce, akuyar Yalwa kuwa tun kafin Sallah na ga an ja ta zuwa kasuwa. Na san cikin da dusar nan za ta shiga.

Na sa yarinyar ta juya da ƙwaryar, na bi ta a baya. Na zauna a tabarmar Yalwa ba tare da an ce in zauna ba. Na ce ni tun da aka haife ni ban taɓa cin dambu ni kaɗai ba, ba kuma zan fara yau ba, in an ƙi taya ni sai in zubar wa kajin unguwa. Na kira yaran na ce su wanko hannu. Suka dubi kakarsu. Ta kau da kai. Suka zauna, suka ci irin cin da ba na son in sake gani, ba magana, ba ɗaga ido.

"Sa hannu mana," na ce mata.

"Azumi nake."

"Ranar Laraba?"

"Allah ya hana Laraba ne?"

Na tauna abin da dasashina ya iya, na yi hamdala, na miƙe. Har na kai zaure na ji muryarta a bayana, ƙasa ƙasa, ba ta dube ni ba.

"Dije. Gobe kuma me za ki yi marmari?"

Na ce ɗanwake.

"To ki haɗo da kanwa. Tawa ta ƙare."

Tun daga ranar na zama makwaɗaiciyar unguwa. Yau tubani, gobe gwate, jibi burabusko. Mata suna cewa Goggo Dije ta tsufa da son baki, Bilki ma ta bugo waya tana tsokanata wai in rage mata. Ina barin su su faɗa. Kumatun yaran sun fara dawowa.

Da ina yarinya, na ɗauka tatsuniyar Iya Kande gargaɗi ce ga mai son a yaba masa, sai in yi ta jin haushin mai rumbuna. Da na girma na riƙa jin tausayin waɗanda suka ja danga. Yanzu da na tsufa, abin da na fi tunawa shi ne dattijon nan da ke juya baya. Abinci bai taɓa ƙarewa a garin ba, har ranar ƙarshe akushi cike yake. Abin da ya ƙare shi ne wurin da mutum zai ci ba a san ya ci na wani ba. Ni kuwa ba zan iya zama dattijon ba, domin Yalwa ta san hannuna, ta san gerona, ta san ƙaryata tun kafin in gama faɗarta.

Kullum tana da azumi, ko ciwon ciki, ko ta riga ta taɓa wani abu. Zanenta sai ƙara zagaye ta yake. Har yau ban ga hannunta a cikin ƙwaryar ba. Abin da nake yi, in bar gefen da ke fuskantarta ban taɓa ba, in hana yaran kaiwa can, in miƙe da wuri in ce bayana ya gaji. Ina tafiya a hankali har zaure, ba na waiwaye, don in ta ci kada in gani.