Albasar Bakin Buhu

Duk wanda ya ce mini makarantarmu ta lalace, nakan tambaye shi yaushe ta gyaru har ta samu damar lalacewa. Ni dai sanda na shige ta, kafin hanyoyinmu su zama abin tsoro, haka na tarar da ita: dogayen azuzuwa masu tagogi ba marufi, tuta a tsakar fili, da jerin darussa a bango waɗanda wasunsu ba a taɓa ganin malaminsu ba. Sakandare ce ta kwana a yankinmu na Isa da Sabon Birni. Ba za ni kama sunanta ba. Waɗanda sunka yi ta sun gane, waɗanda ba su yi ta ba kuma su gode wa Allah.

Daga Tozai na zo. Mahaifina manomi ne, ni ne babban ɗansa. Kawuna, ƙanen innata, mai kai kaya Nijar bisa babur, ya daɗe yana roƙon a ba shi ni in koyi fatauci, Baba ya ƙi. Burinsa a samu likita a gidansa, don ya gaji da goyon marar lafiya cikin daji ana neman mai allura. Ranar da ya kawo ni, a bakin ƙofar makaranta ya gaya mini sharaɗinsa.

"In ka ƙare wagga sunka ɗauke ka ta gaba, ka tahi, za ni yi noman ni ɗaya. In ba su ɗauke ka ba, kawunka na nan. Ba ni da ƙarhin jira sau biyu."

To, ga inda ya kawo ni. Malamin Lissafi mun fi sanin ƙarar babur ɗinsa a kan muryarsa, don dillalin awaki ne, kuma ranar kasuwar Bafarawa ko gobara ake yi a makaranta ba ka ganinsa. Na Turanci yana zuwa kullum, Allah ya saka masa, sai dai iyakarsa inuwar itacen bedi, inda yake shimfiɗa tabarma ya aiki monita ya cika mana allo da rubutu. Monitan bai san abin da yake rubutawa ba, mu ba mu san abin da muke kwafa ba, in an kaɗa ƙararrawa kowa ya tashi wai an yi darasi. An taɓa kawo mana wani ɗan bautar ƙasa mai koyar da Bayoloji da gaske, har ganye yake sa mu tsinko. Wa'adinsa ya cika ya tafi, Bayoloji ta bi shi.

Mu ɗalibai kuma ba mu bar wa malamai lalacin su kaɗai ba. Mulki na mai ƙarfi ne. Ɗan aji ɗaya bawan siniya ne, shi ne wanki, shi ne ɗibar ruwa, in an raba tuwo kuma miyarsa ba tasa ba ce. 'Yan cikin gari suna kiranmu 'yan ƙauye, mu 'yan ƙauye mu juya kan Fulanin Kurawa muna tambayarsu wa sunka bar wa shanu. Kowa da wanda yake takawa. Amma abin kunyar da ya fi kowane shi ne a kama ka da littafi. Sai ka ji an ɗauka daga ƙarshen ɗaki: "Farfesa! A gai da jami'a!" Wasu har ɓoyewa suke yi bayan kicin su yi karatu, kamar masu shan taba.

Ni tsautsayina shi ne na iya karanta Turanci da ƙarfi ba gargada, albarkacin wani malamin firamare mai zafin hannu a garinmu. Ina aji biyu baƙi sunka zo daga ma'aikatar ilimi. Ɗayansu ya ɗauki littafi ya ce wani ya karanta. Aji ya yi tsit, har kana jin kukan kurciya a waje. Na miƙe na karanta. Baƙo ya gyaɗa kai, Firinsifal ya yi murmushi har kunne, daga ranar nan kuma na zama kayan makaranta.

Ga yadda ake yi. In an ji baƙi na tafe, sai a kira ni ofis a ba ni tambayoyin da malamin kowane aji zai yi a gabansu, in haddace amsa. Da yake ni ɗan tsurut ne, ina shiga aji ɗaya ba a gane ba, ina shiga aji shida a ce ƙanƙanta ce ta halitta. Sai a zaunar da ni sahun gaba a ajin farko. Malam ya yi tambaya, kowa ya ɗaga hannu kamar yadda anka umarce su, ni kaɗai za a nuna. Baƙi na fita ta ƙofa, ni ina fita ta taga, in zaga bayan gini da gudu, in faɗa aji na gaba ina haki. Can akwai mai jirana da hula, wani ajin kuma tabarau marar gilashi. Wallahi ba ƙari na yi ba.

Sau ɗaya wata mata cikin baƙin ta tsura mini ido.

"Wannan yaron kamar yanzu na gan shi."

Firinsifal ko gezau. "Ƙanensa kika gani, Hajiya. Gidansu duk haka suke, Allah ya ba su kai."

Ta ce masha Allah, ta sa mini albarka, ta ce in gai da ƙanena.

Duk ɗan kasuwa ya san wannan aikin. In za ka kai albasa kasuwa, manya masu sheƙi kake jerawa a bakin buhu, ruɓaɓɓu su kwanta ƙasa. Ni ne albasar bakin buhu. Bambancin kawai, mai sayen albasa yakan zura hannu ciki ya taɓa, su kuwa baƙinmu ba su taɓa zurawa ba, don soyayyun kaji na jiransu a ofis.

Da anka ga na yi amfani, sai anka ƙara mini aiki. Duk malamin da kasuwa ta kira, sai ya ce in je in riƙe masa ƙananan aji. Haka na riƙa yini da alli a hannu ina koya wa yara abin da na taho da shi daga firamare, nawa ajin kuma yana can ana kokawa bisa benci. Suna kirana Malam Ƙarami. Kuma ina jin daɗi, kaina ya kumbura, siniyoyi sun daina aikena. In na je gida hutu Baba ya sa ni gaba a majalisa, yana cewa Firinsifal da bakinsa ya ce ba a taɓa yin irina ba. Ni ma na yarda. Wa zai gaya mini akasin haka, a wurin da ni ne ma'auni?

Da na shiga manyan aji na san likita ba ya yiwuwa sai da Fiziks da Kemistiri. Kemistiri muna da mai zuwa jefi-jefi. Fiziks kuwa sunansa kawai ke bango. Na je ofis na tambaya.

"Ranka ya daɗe, malamin Fiziks fa?"

"Yana hanya. An turo shi daga Sakkwato."

Bayan damina na koma, yana hanya. Shekara ta zagayo, yana hanya. Ban san ta Agadas ya biyo ba ko ta Makka, har na ƙare makaranta bawan Allah nan bai iso ba.

Ranar jarrabawar fita ba wanda ya damu sai ni. Ashe su sun san abin da ban sani ba. Ana raba takardu anka ja mai sa ido zuwa ofis ya sha ruwa, sai ga wani mutum da ba mu taɓa gani ba ya shigo da alli, ya fara zuba amsa a allo. Aji ya duƙufa. Ban taɓa ganin 'yan makarantarmu sun natsu da rubutu irin na ranar nan ba. Ni ma na kwafa, me zan rubuta in ban kwafa ba? Sakamako ya fito, kowa ya ci. Ni da wanda ke zama bayana, wanda sai na karanta masa abin da ke allon don rubutun ya yi masa wuya, kiredit ɗinmu ɗaya a Fiziks. An yi walima, an yi addu'a, an yabi malamai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tafi Sakkwato jarrabawar shiga jami'a, inda babu mai shigowa da alli. Na karanta kowace tambaya tiryan-tiryan, babu kalmar da ta gagare ni furtawa, amma ban san abin da ko ɗaya take nema ba. Da munka fito na tsaya kusa da wasu yara 'yan birni, ƙanana da ni, suna gardama kan amsoshi suna dariya kamar masu hirar ƙwallo. Nan na gane matsayina, na ji kunya ta rufe ni, sannan haushi ya biyo baya. Makin da na samu ko ƙofar makarantar koyon jinya ba zai buɗe ba.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce mu je wurin Firinsifal, mutumin da ya yabe ni haka ba zai rasa dabara ba. Ya goya ni bisa babur munka tafi. A ofis ya cire takalmi ya zauna ƙasa ya yi bayani. Firinsifal ya saurara yana kaɗa ƙafa, ya ce jarrabawa sa'a ce, kuma 'yan birni suna da nasu hanyoyin. Can sai fuskarsa ta washe.

"Ai ma faɗuwa ta zo daidai da zama, Malam. Muna neman mai riƙe mana Fiziks. Ga shi yana da kiredit, ga shi ya saba da alli. Ya zo ya fara, in Allah ya so a tabbatar da shi."

Na ɗaga kai na dube shi ko wasa yake yi. Da gaske yake, har yana jiran godiya. Kuma ya samu, don Baba ya tashi bisa gwiwoyinsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ranka shi daɗe, Allah shi saka da alheri. Ɗana malamin sakandare! Allah shi jiƙan mahaifa."

Munka bar gari munka shiga hanyar daji. Baba yana tuƙi yana lissafa waɗanda zai fara gaya wa. Na taɓa kafaɗarsa na ce ya tsaya. Ya tsaya gefen wata gonar gero.

"Baba, ba za ni karɓa ba."

"Don mi?"

"Abin da yake so in koyar, ba a taɓa koya mini shi ba ko na yini ɗaya. Shi ne ya kayar da ni a Sakkwato."

"To takardar da tac ce ka ci hwa?"

"A allo anka rubuta muna, munka kwafa."

Ya kashe babur.

"Shi Firinsifal ya san da hakanga?"

"Shi ya kawo mai rubutun."

Baba ya cire hula ya shafa kansa, ya dubi gwiwoyin wandonsa, har yanzu da ƙurar ofis a jiki. Ya kakkaɓe su a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Kuma nid durƙusa mai," ya ce. "Gabanka."

Ya tada babur. Da munka iso mararraba bai karya ta gida ba, ya miƙe hanyar gidan kawuna.