Zif ɗin Jakar Mama Kolo

Kafayatu ta tashi ne a gindin teburin mahaifinta, Malam Ndagi mai gyaran jaka, a bakin tashar jirgin ƙasa ta Minna. Tun ba ta iya karatu ba ta iya goga kyandir a haƙoran zif, ta iya matse kansa da filaya. Da jirgi ya ja baya, ciniki ya bi shi, tsohon ma ya rasu. Ita kuwa ta koma yin kek a Tunga, da tanda ɗaya da hannu mai sauri.

Wata damina Hadassah, ƙawarta ta firamare, ta shigo da tsohon hoto.

"Mama za ta cika tamanin. Ki yi min kek mai siffar wannan jakar tata."

"Jakar Mama Kolo? Ai a hannunmu ta tsufa!"

"Ta ɓata tuni," in ji Hadassah, muryarta ta yi ƙasa. "Kafa, yanzu ko ni Mama ba ta gane ni, sai ta ce min baiwar Allah. Ina so ta ga abu ɗaya da za ta gane."

Jikin jakar bai ba Kafayatu wahala ba. Ta lulluɓe kek da fondan, wato kwaɓin sukarin ado, mai ruwan ƙasa, ta bi gefe da tsinken sakace ta fitar da ɗinki. Zif ne aikin. Ta murza siririn fondan, ta yanka haƙora da reza ƙanana kamar shinkafa, ta jera su wannan na shiga tsakanin waɗancan. Danshi ya sa suna langaɓewa, sai da ta yi ta yi musu fifita da murfin kwali. Ta shafa musu ruwan gwal. Ya fito tsaf, kamar daga shago.

Ta tsaya kallonsa, ranta bai kwanta ba. Mama Kolo ba ta taɓa riƙe jaka mai lafiyayyen zif ba. Duk ranar da ta sauko daga motar Paiko sai ta dire ta a teburin Malam tana faɗa, shi kuma yana cewa, "Maman Hadassah, doya kike cusawa a ciki ne?" Zif ɗin a rabi yake cijewa, mariƙinsa ya karye, Malam ya ɗaura masa zoben waya.

Kafayatu ta ɗauki reza ta ɓalle haƙora uku a tsakiya. Ta wage bakin daga nan, ta dusashe gwal ɗin da garin koko, ta nannaɗe zobe da fondan mai ruwan toka.

Hadassah na gani ta riƙe baki. "Ke! Kin ɓata shi!"

"Kai shi haka. In ba ta gane ba, ki zage ni."

Ranar bikin, bayan an taso coci, aka ajiye kek gaban tsohuwa. Ta daɗe tana kallo, jikoki na waƙa. Sai ta miƙa yatsa ta saƙala a zoben. Wani jika ya matso da wuƙa, ta make masa hannu.

"Wa ya ce ku taɓa min jaka? Hadassah, kwashe yaran nan!"

Hadassah ta durƙusa a wurin tana dariya, hawaye na zuba. Tsohuwa ta jawo farantin kan cinyarta ta rungume. Ranar dai shinkafa kawai baƙi suka ci.