Ranar da na je taron masu keke a Asokore Mampong

Shekarar da gwaggona ta kira ni Kumasi in taya ta zaman shagon atamfa a Alabar, kafin in haɗa kayan sawa kekena na fara ɗaurewa. Siririn keken tsere ne, ba birki ba giya, kuma muddin taya na juyawa dole feda ta juya, ko a gangare ƙafa ba ta samun hutu. A Kano muna da ƴar ƙungiyarmu ta masu hawan irinsa, muna ji da kanmu ƙwarai.

Na kwance shi na zuba a buhu. Da na iso na zo ɗaurawa, sai na tarar wani ɗan zoben ƙarfe da ke riƙe haƙoran tayar baya ya zube a hanya. In babu shi, kana danne feda don ka tsaya haƙoran za su warware.

Na saɓa tayar a kafaɗa na shiga kasuwar Kejetia. Duk mai kayan keken da na yi wa bayani sai ya dube ni da tausayi. Wani dattijo ya jujjuya tayar, ya ce in kwantar da hankalina, ciwon yana da magani, zai sa mata birki har ya ƙara mini ƙararrawa kyauta. Na ce ai haka nake son abina. Sai ya kira maƙwabcinsa ya ba shi labari da yarensu na Twi, suka tsaya suna kallona har na sha kwana.

Muna cin tuwo na kai wa Gwaggo kuka. Na ce ko zoben bai samu ba, in dai zan ga masu irin kekena a garin nan, hankalina zai kwanta. Ta ce wane iri ne? Na ce wanda ba shi da birki, ƙafa ba ta hutawa, in ka tsaya ya tsaya.

"Ɗan nan, ai ƙungiya gare su," in ji ta. "Duk Lahadi bayan la'asar suna taruwa a Asokore Mampong. Shugaban ma surukina ne."

Nan take ta buga masa waya.

Ranar Lahadi na sa matsattsen wandon tsere da hular kwano, na ɗauki tayata na shiga torotoro, motar hayar garin. Na sami rumfa cike da maza da mata, kowa tsaf cikin ɗinki mai kyau. Na ɗan yi mamaki da ban ga keke ko ɗaya a jingine ba, amma na ce ƙila a bayan gida suke ajiyewa. Shugaban ya tarbe ni hannu biyu, ya gabatar da ni a matsayin ɗan'uwa daga Kano, ya ce in nuna wa jama'a irin keken da nake aiki da shi. Na miƙe na ɗaga tayar sama.

Kowa ya zuba wa tayar ido. Can wata tsohuwa ta gyara tabarau ta ce, "Wannan uban keken, buhu kake ɗinkawa da shi ko tanti?"

Sai a lokacin na lura da tef ɗin awon da ke rataye a wuyan kowa. Taron teloli Gwaggo ta turo ni.

An yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Suka hana ni tafiya sai na ci shinkafa da wake. Ina ci suna zagaya ni suna duba wandona, suka yanke hukunci cewa wanda ya ɗinka shi ya cuce ni a yadi.

Ana cikin haka wata tela ta ce ita fa ta san wannan haukar, ƙanenta ma tana damunsa, kullum sarƙa ta cinye masa ƙafar wando ya kawo mata faci. Ta kira shi. Ba a jima ba sai ga samari uku sun shigo layin a guje kan kekuna irin nawa, suka danne feda, tayoyinsu suka ja ƙasa ƙiii har bakin rumfa. Ƙanen ya karɓi tayata, ya duba inda zoben ya kamata ya zauna, ya ce, "Cale, kai ma kina da ciwon namu?" Cale shi ne aboki a bakin ƴan garin. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ni kuwa a ranar ko Hajiya ya kira ni zan amsa. Ya zaro makullansa, ashe irin zoben nan ne ya maƙala su a ciki. Ya ɓalle ya miƙa mini, ya zuba makullan a aljihu.

Mako na zagayowa na fita da su. Babu wanda ya gaya mini Kumasi tudu da gangare ce, ni kuwa ɗan shimfiɗaɗɗen gari ne. Gangaren farko keken ya ƙwace, ƙafafuna suna juyawa kamar fanka, ina salati da ƙarfi masu talla suna darewa. Ban faɗi ba, amma da na iso ƙasa sai da na rungumi wata bishiya na daɗe ban sake ta ba. Su ukun suna zaune a inuwa suna shan ruwan kwakwa, har sun sa an fasa mini nawa.

Daga ranar, in mun hau tudu ina gaba, in mun zo gangare sai in sauka in tura abina. Haka muka yi ta yi har na koma gida.