Muƙamuƙin Jakin Yaya Bitrus

Yaya Bitrus ya rasu. Da safen nan aka kira ni, ina bakin titi a Samaru ina jiran mota. Wai jiya ya yanke jiki ya faɗi a studiyonsa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.



Ga wanda bai san shi ba, shi ne makaɗin nan na Sabon Gari da waƙoƙin ƙauyukan Meksiko suka tafi da imaninsa. A waya ya fara jin su. Sai ya riƙa ɗora salon ƙaramar gitarsu a kan kalangu da kiɗan zamani, ni kuma in rera da Hausa. Mun sha yi masa tsiya, mutumin da ko Legas bai taɓa zuwa ba.

Shi ya koya mini waƙa. Ranar da muryata ta dishe, har gidanmu a Hanwa ya kawo mini citta da zuma a kan mashin, yana ta faɗa kamar ni na ɗora wa kaina.

Ranar Lahadi na gan shi a unguwar PZ. Ya ce, "Saratu, Asabar ki zo da muryarki, ban da uzuri." Na yi dariya na wuce abina.

Amma ba wannan kaɗai ya sa nake rubutu ba.

A Meksiko suna kiɗa da muƙamuƙin jaki. Ana busar da shi har haƙoran su yi lako-lako, in an buga su yi ƙara kamar caki. Yaya Bitrus ya sha wuya kafin ya samu nasa, ya wanke ya shanya, maƙwabta suna ta tsaki.

Yau 'yan'uwansa da suka zo daga gida sun buɗe ɗakinsa, suka tarar da muƙamuƙin naɗe a jan ƙyalle. Kafin in isa magana ta zaga unguwa, wai tsafi yake yi, abin ne ya ci shi. Kawunsa ya ce gobe za a ƙona kayan kiɗan duka, kuma ba za a kai gawar coci ba.

Mutumin da ke kiɗa a cocin nan tun yana yaro!

Mahaifiyarsa ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, kada ki ɓoye mini. Bitrus ya bar Ubangiji ne?"

Na ce Mama wallahi abin kiɗa ne. Na ɗauka na buga don ta ji. Ko ƙas bai yi ba, ban iya ba, shi kaɗai ya iya. Sai ta saki hannuna.

Don Allah, don Allah, ku ɗaliban da kuka ɗauke mu bidiyo a wasan da muka yi a Samaru, ku duba wayoyinku. Ko gajere ne, ko da duhu-duhu, in dai an gan shi yana buga abin nan, ku turo mini yau. Ni ban taɓa ɗauka ba, kullum ina riƙe da makirufo.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Bitrus, ka ba shi hutawa, ka wanke sunansa. Ku taya ni addu'a, kowa da bakinsa, Kirista da Musulmi. Ku roƙa wa Mama kada ta binne ɗanta tana shakkarsa.