Layin Ya Katse

Shekara uku na yi ina kansila kafin jama'a su kayar da ni, kuma ba su zalunce ni ba. Da na rasa kujera sai na koma gidan rediyo a Zuru, tunda baki kaɗai siyasa ta bar mini. Aka ba ni shiri duk Talata da la'asar, mutane su bugo waya su faɗi damuwarsu, ni kuma in yi ta caccakar masu mulki. Na kuwa iya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Nawa laifin gada ce. Akwai rafin da ke raba ƙauyenmu da hanyar Danko, in damina ta yi nisa ko mai naƙuda sai ta jira ruwa ya janye. Lokacin neman ƙuri'a na tsaya gindin tsamiya na yi rantsuwa zan sa a gina ta. Wanda ya bi gida-gida yana tsaya mini shi ne abokin golmona. A wajenmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato shekaru yana nome gonar surukinsa tare da tsaransa. Shekarar da kurkunu ya kama mini ƙafa, shi ya riƙa nome kunyata ya haɗa da tasa, don kada tsohon ya ce rago ne ke neman 'yarsa. Daga baya ya shiga soja, ya dawo da gwiwa ɗaya a lalace. Na ci zaɓe, ko buhun siminti ban kai rafin ba.

Talata ta uku da fara shirin na ji muryarsa. Ya gaishe ni da yarenmu na C'lela, ya ce, "Kansila, zancen gadar nan..." Muna da alama tsakanina da mai kula da na'ura: in na ja kunnena na hagu, ya yanke kiran. An tanade ta ne don masu ashar. Na ja kunne. Sannan na gyara murya na ce, "Kash, layin ya katse. Ɗan'uwa, ka nemi wuri mai tudu ka sake kira."

Ya sake kira, kusan kowace Talata, damina biyu cur. Har haushinsa na riƙa ji. Duk Zuru ana cewa ni ne mai faɗa wa gwamnati gaskiya, shi kuma yana nema ya kwance mini zani a kasuwa. Wani lokaci ko gaisuwar ba na bari ya ƙarasa. Maganar tudun nan ta zama abin dariya, 'yan acaba na tsokanar juna da ita a tashar Rikoto, ni kuwa ina jin daɗi.

Wata Talata aka miƙo mini takardun sanarwar rasuwa kamar kullum. Ina cikin karantawa na ci karo da sunansa. Na karanta har ƙarshe, muryata ba ta ko girgiza ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan ƙwarewa.

Na je gaisuwa, na tsallake rafin da wando a naɗe. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Can ta nuna mini dutsen da ke bayan gidan, da wata siririyar hanya da ta hau shi.

Ta ce, "Ka ga turbar can, Kansila? Sawunai ne. Duk Talata da sandatai yaka hawa, kai kac ce ya biɗi tudu. In ya sauko kwana biyu ba ya iya taka ƙahwar."

Sai wayata ta yi ƙara a aljihu, nan tsakar gidan, daga ofis ake nemana. Na duba, sabis cike.

Ta kalli wayar, ta kalle ni.

"Ni ma haka nac ce mishi, ga sabis har cikin ɗaki. Ya ce in yi shiru, abokin golmonai ba ya yi mishi ƙarya."