Soson Gwaji da Rijiyar da Aka Rufe

Ranar Talata da ƙarfe shida na safe muka bar Katsina mu uku: ni, da Dakta Hadiza wadda na koya wa riƙon kwalbar gwaji tun tana ɗaliba, da Sale direba. Na riga su isa wurin mota, domin a makarantar mishan da na yi, wanda ya zo daidai da ƙararrawa ma ya makara. Na daɗe da ajiye aikin ɗakin gwaje-gwaje, amma da Dakta ta nemi in raka ta, ban bari ta maimaita ba.

Ga dalilin tafiyar. A wani ƙauye bayan Babban Duhu, mutane sun kwanta da amai da ciwon ciki tsakiyar damina, aka zargi maganin feshin ciyawa ya shiga rijiyarsu, mai unguwa ya sa aka rufe ta. Tun daga nan mata ke zuwa ɗibar ruwa rafin bakin daji, wurin da ko maza ba sa son takawa a wannan zamani. Aikinmu shi ne mu gano ko za a iya buɗe rijiyar.

Batsari

A zamaninmu da jarkoki ake zuwa irin wannan aiki, a kwaso ruwa yana tambal-tambal a bayan mota. Yanzu kuwa duk kayanmu sun shige kula guda mai ƙanƙara. A ciki akwai ƙananan sosuna farare, kowanne bai fi ƙwayar sukari ba, an shafe ƙofofinsu da wani sinadari mai kama maganin feshi. A tura soson cikin sirinji, a zuƙo ruwa a tura ya ratsa ta cikinsa: ruwa ya wuce, magani ya maƙale. Ina ta ɗaga kwalba guda mai soso a ciki ina haska ta da rana kamar yaro da sabon takalmi, har Sale ya ce, "Baba, ko dai in tsaya ku gaisa sosai?"

A shingen shiga gari wani soja ya buɗe kular, ya miƙa hannu zai ɗauki soso.

"Dakata, ɗana!" na ce. "Da matsefata ake taɓa wannan, ba da yatsa ba."

"Ci ake yi ne, Baba?"

"Shi ke ci. Guba yake ci."

Ya janye hannu da sauri, 'yan'uwansa suka fashe da dariya, aka ɗaga mana igiya. A tasha muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya sha mai fiye da kima, na kuma faɗa wa mai tuya.

Daga Safana zuwa ƙauyen

Mun ajiye mota a Safana, gidan wani malamin firamare da ya karɓe mu, muka hau babura. Gero ya fitar da kai hagu da dama, hanya duk caɓi. Na ɗora kular a cinyata na ƙi ba kowa.

Mai unguwa ya tarye mu da jama'arsa. Aka gaisa ya gajiya, ya ruwa, ya iyali, aka kawo fura da nono. Sai ya gyara zama cike da fara'a ya ce, "Alhaji, tun da muka ji kuna tafe ba mu zauna ba. Jiya samari suka yashe rijiyar tas, suka kwashe ruwa da laka duka. Ai ba ma bari manyan baƙi su tarar da ita da datti."

Ludayi ya tsaya a hannuna.

"Kun yashe ta? Ruwan da muka taso daga Katsina domin mu gwada, shi kuka zubar?"

"To, Alhaji, mi za ku yi da ruwan da ya kwana wata yana wari?"

Ba tare da tsohon ruwan ba, ba mu da hujjar cewa ga abin da ya kwantar da mutane, ba kuma za mu ce a sha ba a kan zato. Na fara magana da zafi, Dakta ta yi ƙasa da murya ta ce, "Baba, girmamawa ce suka yi mana." Na amsa cewa na sani, kuma girmamawa ba ta shiga injin gwaji. Sannan na tambayi inda aka zuba lakar.

Aka kai mu bayan wata bishiyar dargaza, ga ta a tare, baƙa, har yanzu da danshi a ciki. Na dubi Dakta, ta dube ni, muka gane abu guda: lakar za ta faɗi abin da ya shiga rijiyar a da, sabon ruwan da ke tsattsafowa kuma zai faɗi ko ƙasar ce kanta ta gurɓata. Muka ɗebi laka daga tsakiyar tarin, muka dama ta da tataccen ruwan da muka zo da shi, muka tace, muka ratsa da shi ta soso. Na tilasta a yi wani soson da tataccen ruwa zalla domin ya zama shaida cewa kayanmu ba su ɗauko kome daga hanya ba.

Wata dattijuwa da ke kallonmu ta ce, "Wai wannan ɗan abin ne zai hutar da mu zuwa rafi? Ko kwanon jika ba zai wanke ba."

"Iya, ba a aike shi wanke-wanke ba," in ji Dakta.

Laraba

A Safana muka kwana, bayan tuwon dawa da miyar kuka da ban sami abin gyarawa a ciki ba. Da hantsi muka koma, rijiya ta tara ruwa. Na ƙi gugan gari, muka zura kwalbarmu da sabuwar igiya. Ni da hannuna na danna sirinjin, a hankali, ina jin soson yana shan ruwa yana saki, mata sun kewaye mu da tulunansu. Mai unguwa ya roƙi a bar su su ɗiba ko na girki ne. Na ce a'a, sai sakamako ya fito, kuma ban ji daɗin faɗin haka ba ganin sun juya sun nufi rafi.

Katsina

Mun iso gida lafiya kafin la'asar, muka gode wa Allah, muka gode wa Sale da bai fasa mana kwalba ko guda ba. Washegari aka wanke kowane soso da ɗan sinadarin da bai cika cokali ba, aka ba injin. Na tsaya a bayan Dakta ina kallon allon injin.

Soson shaida bai nuna kome ba. Na laka ya nuna maganin ciyawa ƙarara. Na sabon ruwa, har sau biyu, bai nuna ba. Ke nan ta bakin rijiya maganin ya shiga, ba ta ƙasa ba, kuma daga baya mai unguwa ya tabbatar cewa a bakin rijiyar manoma ke wanke famfon feshi. An hana wannan, an ɗaga bakinta da siminti, an buɗe ta. Matan sun daina zuwa rafi.